Yadda Za Ka Zaɓi Kodek Don Tsohuwarka Ta Ga Arzikinka a Faifai

Bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, na ba ka tabbacin bidiyon da za ka aika gida zai sa a fara kiranka Alhaji tun ba ka taka Makka ba. An gwada su a nan Agege bara, 2001, a kan Hamani, mutumin Dogondutsi mai gadin gidan wani oga. An yi masa haihuwa, ya sa wa jaririyar sunan mahaifiyarsa Hajo, shi ya sa ake kiranta Uwa. Tsohuwa kuwa idonta ya fara rauni, saƙonta guda ne: a nuna mata fuskar takwararta tun tana iya gani.

Mataki na 1: Ɗauki hoton abin da ba naka ba

Jira oga ya yi tafiya. Ari babbar riga, ka yi hayar kyamara, ka harɗe a kujerar falo. Hamani awa biyu da rabi ya yi: shi da firij, shi da talabijin, shi da rimot a hannu. Jaririya minti uku ta samu, ai ba gudu za ta yi ba. Ana cikin haka Madam, matar oga, ta dawo daga Oshodi ta danna ham, sai ga Alhaji a guje yana tattare babbar riga zai ja get. Kada gabanka ya faɗi, don irin wannan aka ƙera kwamfuta.

Mataki na 2: Nemo gwani, amma kada ka saurare shi

Namu gwanin Yahuza ne, mai buga katin biki a bayan masallaci.

"Kodek," in ji Yahuza, "shi ke ɗaure bidiyo. Yadda kwandastan motar danfo ke cusa mutum ashirin a wurin sha huɗu, haka yake cusa awa uku a faifai guda. Idan injin kallon faifai na garinku bai san irin ɗaurin ba, zai kwance shi a karkace. Wane irin inji kuke da shi?"

Hamani ya yi tunani. "Baƙi ne."

Wannan amsa ta wadatar, ci gaba.

Mataki na 3: Zuba su duka

Zaɓe aikin matalauta ne. Je Ikeja ka sayi faifan nan na bakin titi mai kodek arba'in, ka ɗura wa kwamfuta su gaba ɗaya. Duk tambayar da ta yi maka da Turanci, danna "Yes". Idan fuskarta ta yi shuɗi ta sandare, hutawa take yi. Kashe ta ka kunna, ka zagi masu ɗauke wuta ko da akwai wuta.

Mataki na 4: Matse, kada ka rage

Yahuza ya ce faifai awa ɗaya da ɗan ɗoriya yake ɗauka, ko a rage falo, ko a matse har hoto ya lalace.

"A rage falo?" in ji Hamani. "A matse!"

Sai aka yanke wurin get, hoton kawai. Sauti layinsa daban ne a can ƙasa, babu wanda ya waiwaye shi. Sirrin matsi kuwa shi ne, abin da ba ya motsi fita yake tsaf, mai motsi ya dagargaje. Firij ba ya motsi. Jarirai kuwa ba su da wannan tarbiyya.

Mataki na 5: Kada ka gwada

Gwaji rashin tawakkali ne. Mayar da kyamara da kasetinta ga mai haya ya ɗora bikin wasu a kai, ka damƙa wa Oumarou, direban Dogondutsi, faifan, motarsa ta kusa tashi.

Mataki na 6: Jira kaset ɗin amsa

Bayan wata guda Oumarou ya dawo da kaset na murya. Hamani ya tara masu shayi da masu okada a bakin get don su ji yabo, ya danna rediyo.

"Hamani, faifai ya iso, gari duk an taru an gani. Firij yana da kyau. Kana zaune bisa kujera baki rufe, sai muka ji mota na kuka, muka ji muryarka kana 'Yes Madam, yes Madam.' An yi dariya, ni ban yi ba. Gadi tun shekarar da ka tafi na san shi kake yi, kuma da shi ka rufa mini ɗaki. Amma da aka zo wurin takwarata, sai dabbare-dabbare kamar tabarma. Na ce idona ne, yara suka ce su ma haka suka gani. Mi ya sa, Hamani? Abu guda na roƙe ka."

Babu mai shayin da ya ɗaga kai. Wallahi ni ma da nake wurin na ji kunya.

Gargaɗi

Mai wannan bayani ba shi da hannu a duk abin da ya biyo baya. Ba ni na ce Hamani ya roƙi oga hutun mako ba, ba ni na sa shi a mota kwana biyu da mai jego da jaririya ba. Kuma idan kai ma ka isa ka tarar sai da tafin hannu tsohuwa za ta duba fuskar jikarta, kada ka nemi Yahuza, kada ka neme ni. Kai ka ce a matse.