Ranar da Na So In Musuluntar da Liman

Ba zan taɓa mantawa da wata walimar suna da aka yi a unguwar Dagenham ta Landan ba, ko da na so in manta, don har yau akwai masu tuna mini.

A lokacin ina ji da kaina. Na kwashe watanni ina kallon gajerun bidiyoyin muhawara da Turawan nan masu shelar babu Allah, masu rubuta littattafai wai addini cuta ne. Na haddace amsoshi tsaf (ban taɓa buɗe littafi ko ɗaya ba, nasu ko na malaman da suka mayar musu da martani, amma wa ya sani?). Duk inda aka zauna a unguwar Barking sai na sako zancen, har aka fara cewa ni ne maganin mulhidai. Ban musa ba.

Shi ya sa Hajiya Binta, wadda suke islamiyya ɗaya da matata, ta ja ni gefe a bakin kicin ana tsakiyar rabon abinci.

"Malam, yaron nan ne," ta ce ƙasa-ƙasa. "Tun da ya shiga jami'a yake karanta littattafan mutanen nan, wai yana da doubts, wato shakku a kan addini. Don Allah ka yi masa magana, amma a sirrance. Ba na so kowa ya ji."

"Wanne ne, Hajiya? Yaya sunansa?"

Ashe ɗanta ne na fari, ita kuwa Bakatsiniya ce ta gidi, daɗewa a Landan bai sa ta iya kama sunansa ba. Sai ta kawar da kai, ta tura baki wajen wani lungu. "Ga shi can."

Samari biyu ne a lungun. Ɗaya ya sha shadda da hula, ga gemu tubarkalla. Ɗayan wandon jins, suma ba a taje ba, kuma a kan cinyarsa ga littafin mulhidan nan da na sha ganin bangonsa a bidiyo. Na ce a raina ga yaron nan, ba sai an faɗa mini ba. Na ja kujera na zauna gaban mai jins, na zaro wayata.

"Samari, wayar nan ita ta ƙera kanta?"

Ya dube ni, ya dubi wayar. "A'a, Malam."

"To duniya fa?"

"Malam, ai wannan hujjar mulhidan sun daɗe da tanadar mata amsa," ya ce cikin ladabi. "Cewa za su yi, to wa ya ƙera maƙerin? Malamai ba ta nan suke kama su ba. Kuskurensu shi ne suna ɗaukar Allah kamar wani abu ne cikin abubuwan duniya, sannan ba su karanta waɗanda suke suka ba."

Wannan ba ya cikin haddata. Ni kuwa idan hujja ta ƙare mini murya nake ƙarawa. Mutane suka fara matsowa da farantansu, na manta da batun sirri kwata-kwata.

"Ka ji tsoron Allah! Ka yar da littafin nan ka sake kalmar shahada! Ga mahaifiyarka can a kicin ta rasa barci saboda kai!"

"Mahaifiyata tana Zariya, Malam."

Daidai nan uban jariri ya iso, ya dafa kafaɗarsa. "Malam Nura, la'asar ta yi, zo ka ja mu." Ya juyo gare ni yana murmushi. "Au, kun haɗu? Falsafar addini yake koyarwa a jami'a. Raddin littafin nan ma yake rubutawa."

Sai mai shadda da gemu ya miƙe a hankali. Bai dube ni ba, ƙofar kicin ya duba, inda Hajiya ke tsaye da ludayi a hannu.

"So you told him, Mama. Ashe kin faɗa masa," ya ce, ya fice waje.

Abin da Hajiya ta roƙe ni in rufe, ni na raba wa jama'a shi tare da shinkafa. Haka na bi sahu a bayan mutumin da na gama kira zuwa Musulunci, kuma ba na jin na taɓa sallar da na so ta yi tsawo kamar wannan.

Ana sallamewa Malam Nura ya bi yaron waje. Ta taga na hango su a jingine da mota, yaron yana ta magana, shi kuwa yana saurare kawai. Na ji an ce har yanzu suna haɗuwa, har yanzu kuma yaron yana da tambayoyinsa, sai dai ya ci gaba da zuwa gida.

Hajiya ba ta taɓa yi mini faɗa ba. Da muka haɗu a tashar Barking cewa kawai ta yi, "Malam, an gode da ƙoƙari." Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Tun daga ranar, kafin in ba mutum amsa, nakan tsaya in tabbatar ya yi mini tambaya.