Ranar da Mushe Halidu Ya Buɗe Hanya

Allah ya yi wa Bangi, wani gari na bakin iyaka, baiwa da ya ba ta Halidu Mato. Kwana uku kacal ya yi a wani taro a Tawa kan 'yancin zirga-zirga tsakanin ƙasashe maƙwabta, ya dawo da kati rataye a wuya wanda ko wurin alwala ba ya cirewa. Tun daga nan ake kiransa Mushe Iyaka, wato Malam Iyaka da Faransanci, shi kuwa yana amsawa da murna.

Abin da ke ci masa rai shi ne, mutane na bin 'yar hanyar kasuwar tsallake, can cikin Najeriya, suna kai da komowa tun zamanin kakanni ba tare da sanin cewa 'yanci ne suke mora ba. Wannan jahilci ya isa! Ya ƙudura buɗe hanyar a hukumance, a ɗauki hoto a aika Tawa, don da hoton ne za a tabbatar masa da shugabancin kwamitin iyaka.

Ranar kasuwa, da sassafe, ya gitta jan ƙyalle a hanya, ya tsaya gabansa cikin kwat duk da zafin damina.

"Ba wanda za shi wuce sai an yanka ƙyallen ga!" in ji shi. "Yau tarihi muka rubutawa."

Jakuna suka yi cirko-cirko, masu awaki suka taru. Tsohuwa A'i mai nono ta sauke ƙwaryarta ta ce, "Halidu ɗana, nonon ga tsami shika yi, bari in wuce."

"Inna, ki yi haƙuri. 'Yancinki nika shirya miki."

Sai aka nemi almakashi aka rasa. Na tela Ɗantala ne aka yi alkawari, shi kuwa a tsallake yake zaune, ga shi can bayan ƙyalle yana ɗaga shi sama. Mushe ya ce atafau ba za a miƙo ba, wai haramun ne kaya su ƙetare kafin buɗewa. Ya juya wajen mai hoton da ya gayyato ya shiga jawabi, rabi Hausa rabi Faransanci, har rana ta take tsaka.

Daga ƙarshe dai ya yarda aka yanka da wuƙar mai tsire. Ya gyara kati, ya waiwaya don a ɗauke shi da dandazon jama'a, sai ya ga fili wayam. Ba hoto, ba shugabanci.

Can sai ga A'i ta dawo daga tsallake, ƙwarya ba komai.

"Inna, ta ina kunka bi?"

"Ta gonar geron can ta gefen hanya. Mu duka, har da jakai da awaki, sun ma ɗan taɓa." Ta dube shi da tausayi. "Af, ai taka ce ko? To, Allah shi saka da alheri, 'yancin ya yi daɗi."