Zomo Mai Jan Gira

"Lahiya lau muka wuni, angona. Wa ya yi maka wanga zane a hannu? Wajen wanzami ka je ba ka gaya mani ba?"

"Ke dai tsohuwa, bar zancen hannu ki ara mani matsefi."

Wannan a Kurfi ne, farkon shekarun mulkin kai. Tsohuwar ita ce Rahamatu mai kitso, wadda ke cika bakin cewa ba kan da ya taɓa gagarar ta. Wanda ke tsaye kanta da kwando, yana ɗaga ƙafa yana saukewa kamar ya taka garwashi, jikanta ne Mamuda. Malamin gona na Dutsin-Ma ya ba shi 'yan zomaye biyu farare ya yi kiwo, da sharaɗin in ya zo ya tarar ba kula, zai kwashe ya ba wani. Yau bayan la'asar zai zo. Su kuwa 'yan banzan yau suka ga damar fasa akurki, suka yi birgima cikin ƙarangiyar bayan danga, suka fito kamar bushiya.

Rahamatu ta leƙa kwandon. "Kai, Allah shi yi albarka! Yau dai mijina ya yi cefane. Ɗauko wuƙa."

"Wuƙar me? Da wane haƙori za ki ci?"

"Romo ba ya son haƙori."

"Waɗanga ba na ci ba ne, na kiwo ne. Taje su zan yi."

"Taje zomo? Kai da kanka ke kama da sheƙar angulu? Fara da naka."

"Ni dai ba ni matsefi, rana na tahiya."

Ta miƙa masa. Ya damƙo ɗaya, ya kafa matsefi a gadon baya. Zomo ya banƙare, ya sakar masa ƙafafun baya, ya ƙara masa zane uku a kan na dā.

"Wayyo!"

"Ashsha! Namijin da ɗan zomo ya sa kuka, shi zai tare mani ɓarawo? Ba ni nan, ka ga aikin manya."

Ta kai hannu ga kunnuwa.

"Kada ki ɗaga shi da kunne!"

"Da kunne na ɗaga ubanka, ga shi nan ya zama mutum." Ta kai shi kusa da fuska, sai ta yi salati. "Yaro, wanga ai ciwon ido gare shi! Dubi ja wur. Miƙo mani tandun kwalli."

"Haka Allah ya yi su. Naki idon ne ke son magani."

"Idon da ya hango ka tun kana cikin tsumma?"

Ba ta rufe baki ba zomo ya yage mata hannu, ya dira, ya shige ƙarƙashin rumbu. Ɗan'uwansa ya kifar da kwando ya bi shi.

"Ina wadda kai bai taɓa gagara ba?" in ji Mamuda.

"Na ce kai. Ka ji na ce mai ƙahwa huɗu?"

Mamuda ya kwanta rub da ciki yana zura hannu. Ya zagaya nan, su ɓulla can. Ya bi su bayan turmi, suka koma rumbu. Tsohuwa na ta yi masa kiɗa da tafi, har ladan ya kira la'asar.

Daga nan bakin Mamuda ya mutu. Ya zauna cikin ƙasa ya zuba wa rumbu ido. Yaron nan tun da aka ba shi zomayen bai ƙara cin tuwo da zafinsa ba, sai ya ga sun ci tukuna. Rahamatu ta jefa masa magana biyu, bai rama ba. Abin da ba ta iya jurewa ke nan. Tausayi ya kama ta.

"Tashi ka yi salla, raggon miji. In ka dawo ka taho da harawa."

"An ce zomo ba ya kamuwa daga zaune."

"Wanda ya hwaɗi haka bai taɓa yi wa ɗiyar yaye kitso ba."

Da ya kawo, ta zuba harawar wake a gefen tabarma, ta kau da kai kamar ba ruwanta. Can sai ga hancin zomo na motsi a bakin rumbu. Ta bari ya fara ci, ta lulluɓe shi da gefen zane, ta ɗora a cinya, kai cikin duhu. Ta ajiye matsefi gefe, ta shiga tsince ƙarangiya da yatsu, ɗaya bayan ɗaya.

"Riƙe mashi ganye a baki. Mai ci ba ya hwaɗa. Kai ma da ƙuli-ƙuli aka yi maka askin hwari."

"Ke kuma da goro ake rufe maki baki."

"Ga bakin ya dawo! Ga ɗayan can ya hito cin harawa, ɗauke shi ka yi yadda na yi."

Suna cire ƙarangiya ta ƙarshe, ƙararrawar keken malamin gona ta yi ƙara a ƙofar gida. Mamuda ya yaye zanen kakarsa zai ɗauki zomo, sai ya daskare. An ja wa zomo gira biyu da kwalli, baƙi ƙirin, har da ɗigo a goshi.

"Kaka! Kin kashe ni!"

"Wa ya taɓa tashi daga cinyata ya je gaban baƙo ba kwalliya? Tahi, kada ka bar mutum tsaye."

Ya fita kamar mai zuwa gaban alƙali. Tsohuwa ta kasa zama, ta lallaɓa ta kasa kunne jikin zaure. Can sai dariyar malamin gona ta tashi, har da tari.

Mamuda ya dawo da zomayensa biyu a ƙirji.

"Ya ce gidan da ake ja wa zomo gira, ba a barin shi da yunwa." Ya sauke mai kwallin a cinyarta yana dariya. "Na sallama. Ga sadakinki. Amma ba yanka."

Rahamatu ta ja gefen zane ta rufe shi.

"Kai ka ji sakarai. Wa ke yanka wanda ya yi wa kwalliya? Ƙaro harawa."