Yadda Za Ka Sauya Allon Ƙafar Babur ɗin Surukinka Ba Tare da Ka Tambaye Shi Ba

Kai da ka auri 'yar ƙauyen nan, shekara da shekaru surukinka bai taɓa kiran sunanka ba, matso kusa, ka zo inda ya dace. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, kafin ƙanƙarar bana ta narke tsohon zai san da zamanka a duniya. An gwada an gani. Maƙwabcina Torkel ne ya gwada, ni kuma na ba shi shawara daga farko har ƙarshe, kyauta, ba tare da ya nema ba.

1. Nemo aibu a abin da bai lalace ba

Dubi babur ɗin surukinka, mai tafiya a kan ƙanƙara, da kyau. Yana tashi, yana tafiya, yana dawowa gida? Kar wannan ya karya maka gwiwa. Sunkuya ka dubi allunan nan biyu na gefe, inda ake ɗora ƙafa. Shafaffu ne, dusar ƙanƙara tana taruwa a kai ta daskare, sai mutum ya yi ta dukanta da dunduniya. Iyayenmu haka suka yi ta dukan abinsu ba wanda ya yi ƙorafi, amma kai ka ce wannan haɗari ne babba.

Haka Torkel ya yi. Mutumin bakin teku ne, daga birnin Luleå, ya auri Ingela 'yar tsoho Valfrid, 'ya'yansu har sun fi shi tsawo, amma a bakin tsohon har yau shi "mijin Ingela" ne. To bana idon Valfrid ya yi rauni, likita ya hana shi tuƙi. Ya miƙa wa 'yarsa mabuɗin babur yana kallon bango, ya ce ta faɗa wa mijinta ya kai shi bukkar tafki ranar Ista. Mutumin da bai taɓa zama a bayan kowa ba! Torkel ya san dama ɗaya ce tal. In tsohon ya sauka lafiya, ya zama ɗan gida. In aka samu matsala, zai mutu yana mijin Ingela. Tsoro ya kama shi ƙwarai, ko ido ya rufe sai ya hango ƙafar tsoho ta zame daga kan allon.

2. Nemi shawarar masana, ka guji matarka

Masana muna gidan mai, tsaye da kofi a hannu, muna kallon injin duk wanda ya tsaya. Mu mazan nan ba mu iya cewa muna ƙaunar mutum ba, bakinmu ya yi nauyi, sai dai mu ɗaura wa injinsa wani ƙarfe mu bar shi ya gane da kansa. Saboda haka da Torkel ya kawo kukansa, nan take na fahimce shi.

Na ce masa ya yi odar allunan zamani, masu ramuka kamar raga don dusa ta zube, masu haƙora a sama don su kama takalmi. Ya tambaya ko akwai masu ƙananan haƙora. Na ce haba Torkel, surukin naka ƙarami ne? Ka zaɓi irin na samarin nan masu tsalle da babur daga kan dutse. In allo ya riƙe mahaukaci a sama, ai zai riƙe dattijo a ƙasa.

Matarka kuwa kar ta ji. Mata suna da wata ɗabi'a ta yin tambayar da ke da amsa.

3. Fara yankewa, tunani ya biyo baya

Rufe gareji, ɗauki injin yankan ƙarfe. Tsohon allo in ya rabu da jikin babur shi ke nan, ba sauran shawara, kuma wannan shi ne daɗin aikin.

Da Torkel ya ciro na farko sai ya tsaya yana juya shi. Daga can baya, inda mai zaman baya yake ɗora ƙafa, akwai wani ƙyallen fatar barewa da aka manna, ya sha taku har gashinsa ya ƙare. Ya tambaye ni na mene ne. Na ce masa tarkacen tsofaffi ne kawai, sun saba manna abu a kan abu. Na ɗebe allunan biyu na kai gida, dama ɗakin itacena yana buƙatar kanta.

Ka tuna da wannan: duk abin da ba ka san amfaninsa ba, ba shi da amfani.

4. Sayi rigar da ta dace da allon

Sababbin allunan ruwan lemo ne, suna walƙiya. Ba ka hawa irin wannan da tsohuwar rigar sanyi. Torkel ya sayi sabuwa fil, ita ma ruwan lemo, ya ce wa Ingela rangwame aka yi. Ya zagayo gidan mai, muka kewaye shi, kowa ya ɗora ƙaton takalminsa mai taurin ƙasa a kan haƙoran ya danna, ya gyaɗa kai. Ko motsi ƙafa ba ta yi. Dukanmu a ƙauyen nan aka haife mu ban da shi, dukanmu mun san abin da Valfrid yake sawa a ƙafa ranar Ista, amma ba wanda ya tuna. Muna kallon ƙarfe.

5. In ka gane kuskurenka, yi shiru ka tada inji

Ranar Ista ta waye da rana mai kyau. Ingela ta ɗaure kayan abinci a bayan nata babur, busasshen nama da lemo da butar kofi, ta yi gaba don ta hura wuta a bukka. Valfrid ya fito daga gida a hankali yana laluben ƙofa. Torkel ya kai dubansa ƙasa.

Takalman fatar barewa ne a ƙafar tsohon, masu laushi kamar safa, gashi har a tafinsu, an cusa musu busasshiyar ciyawa don ɗumi. Marigayiya Elvi, matarsa, ita ta ɗinka su a hunturunta na ƙarshe. Sau ɗaya yake sa su a shekara. A lokacin Torkel ya gane ƙyallen fatar nan da ya tambaye ni: don irin takalmanta aka manna shi, a inda ta yi ta ɗora ƙafa tsawon aurensu.

Ya dubi takalman, ya dubi haƙoran. Tsohon kuwa ba ya ganin komai sai wani abu ruwan lemo. A nan mutumin kirki zai buɗe baki ya faɗi gaskiya. Kai kar ka yi. Ce wa ranka tafiyar ba nisa, hanyar kuma shafaffa ce. Torkel ya riƙe masa hannu ya hau, ya tada inji.

6. Wannan matakin ba ni na koya masa ba

Hanyar ba shafaffa ba ce. Sun shiga fadama, babur yana tsalle, Torkel ya ji hannun tsohon yana ƙara matse masa ciki. Ya leƙa ƙasa. Valfrid ya ɗage ƙafafunsa biyu sama, yana riƙe da su a iska, dattijo mai shekara tamanin da ɗoriya. A kan haƙoran allon dama akwai farin gashi, ciyawa kuma ta leƙo ta dunduniyar takalmin.

Torkel ya kashe inji. Kunya ta rufe shi har ya rasa inda zai sa ido. Ya durƙusa cikin dusa ya tallafi ƙafar, ya ga tsagar ta kai tsawon yatsa.

"Baba, me ya sa ba ka ce in tsaya ba?"

"Kai ke tuƙi," in ji tsohon.

Torkel ya tuɓe sabuwar rigar nan, ya zaro wuƙa ya raba ta biyu, ya naɗe kowane allo da rabi, ya ɗaure da igiya. Ni da ina wurin da na hana shi, rigar ba laifinta. Valfrid yana jin ƙarar yagewar yadi, ya tambaye shi wa ya sa shi taɓa allunan tun farko.

"Ba kowa, Baba. Tsoro na ji kar ƙafarka ta zame ka faɗi a hannuna."

Tsohon ya zuƙi iska ta leɓe, fuut, yadda muke cewa e in ba ma son ɓata kalma. Ya sauke ƙafafunsa a kan rigar, ya danna, ya ji laushi.

"Akwai allurar Elvi da zaren jijiya a bukka," ya ce. "Ta nuna mini yadda ake yi, amma yanzu ba na ganin ramin. Ni zan faɗa, kai ka ɗinka. Tada inji, Torkel, za ka daskare."

Torkel ya ce mini bai ji sanyi ba har suka isa. Ƙarya yake, ya yi mako yana tari. Ranar ko kifi ɗaya ba su kama ba. Ingela ce ta huda ƙanƙarar tafki ta jefa ƙugiya ita kaɗai, su biyu suna bakin murhu da takalmi a tsakaninsu, tsohon yana laluben ɗinkin da yatsa yana cewa a warware a sake.

7. Mayar da komai yadda ka same shi, ka kira shi gyara

Washegari Torkel ya zo ya sauke kantata, itace ya zube, ko sannu bai ce mini ba. Ya kafa tsofaffin allunan a kan sababbin, da ƙyallen fatar da komai. Yanzu babur ɗin Valfrid shi kaɗai ne a lardin nan mai allo hawa biyu. Masu tsadar suna ƙasa, ba mai ganinsu sai wanda ya kwanta a dusa ya leƙa. Na kwanta na leƙa, aiki ne mai kyau.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba shi da hannu a duk abin da ya biyo baya: yagewar takalmi, yagewar riga, tari, ko kallon da matarka za ta yi maka in ta ji labarin rangwamen. In surukinka ya sauka bai kira sunanka ba, kar ka ƙwanƙwasa mini ƙofa, wataƙila haƙoran da ka saya ne ba su da kaifi. Kuma kar ka zo gidan mai neman shaida. Valfrid ya daina jiran Ista, kullum da takalman yake zuwa, kuma duk lokacin da na fara bayanin allunan sai ya katse ni, ya ɗaga dunduniya ya nuna wa mutane wani karkataccen ɗinki mai muni, ya ce Torkel ne ya yi.