Gwiwata a kan feda

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da aka gwada sabuwar rediyon ƙaramin filin jirginmu na Gure. Shekara tara ina riƙe da tsohuwar, mai maɓalli a hannu: ka danna ka yi magana da matuƙi, ka saki ka saurara. Sai aka kawo sabuwa daga Yamai, da allo, da kaske mai makirfo da ake sawa a kai, da wata feda a ƙasa irin ta keken ɗinki. Ita ake takawa in za a yi magana, kuma muddin tana take ba ka jin kowa.

An yi mana formasiyo, wato horo, na mako guda, kwana biyu na je. Na ce wa abokiyar aikina Hadiza, ai ba a koya wa kifi iyo. (Ita kuwa har da littafi take rubutawa, ina yi mata dariya.) Ranar gwaji darakta zai zo da kansa a jirgi, ya zaɓi wanda zai shugabanci ɗakin rediyon tsakanina da ita. Ni har na sa an ɗinka mini sabuwar shadda.

Jirgi ya kusa, kaske na kaina, Hadiza ta fita duba iska, sai na ji sallama. Surukina ne, Malam Bukar, mahaifin matata Falmata, ya taso takanas daga Kelle don ya ga saukar jirgi. To, wa yake gaida suruki a kan kujera? Na zame na durƙusa.

Muka yi ina kwana, ina gajiya, ina gida, ina Falmata, ina dabbobi, ina lambu. Duk wanda ya san gaisuwar Barebari ya san ba ta ƙarewa da wuri. Can ya dubi allon ya ce, "Ɗana, wa ke babba a nan?"

Da na yi shiru da na tsira. Na ce, "Ni ne, Baba. Daraktan da ke tafe ma sunan darakta gare shi, ko kunna wannan abin bai iya ba. Jirgin nan sai na ce ya sauka yake sauka."

Ya ce, "Haka nake ji, tun ɗazu yake kewaya mana."

Sai ga Hadiza da gudu, ta nuna ƙasa. Na duba. Gwiwata ce zaune daram a kan feda, jar fitila na ci a allo. Wallahi ji na yi kamar an watsa mini ruwan randa. Na ɗaga gwiwar a hankali, muryar matuƙi ta shigo kunnena, da Hausa tsantsa, cikin natsuwa:

"Gure, in an gama gaisawa da Baba, muna neman izinin sauka. Kewaye na uku ke nan, mai kuma ba a lambu muke shuka shi ba. Darakta ya ce a gaida Falmata."

Hadiza ce ta zare kasken daga kaina ta saukar da su lafiya.

Darakta bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya tsallake ni, ya durƙusa ya gaida Malam Bukar, sannan ya juyo gare ni ya ce, "Yallaɓai, tun da ban iya kunnawa ba, za mu koya tare. Madam Hadiza za ta koya mana."

Yanzu ita ce shugabata, na kuma sayi littafi. Malam Bukar kuwa har gobe yana ba mutanen Kelle labari cewa da idonsa ya ga jirgi ya yi kewaye uku a sama yana jiran surukinsa ya gama gaishe shi. Ban gyara masa ba. Na dai koyi abu guda: ladabi wajibi ne, amma kafin ka durƙusa, duba inda za ka aje gwiwa.