Dusar da Ba Ta da Amfani

Wata ƙawata ce ta ba ni labarin nan, ita ce aka ɗauka ta saka wa wani kamfanin niƙa masara manhajar tsara aiki a kwamfuta. Kamfanin na wata dattijuwa ne, Hajiya Tasalla, mace mai ƙarancin magana. Manajanta kuwa Malam Tanko, ya daɗe a wurin har ya fi wasu injinan tsufa. Tun zamanin da ake niƙa kaɗan, al'adar gidan ita ce duk dusar da ta fita ma'aikata su share su kai wa dabbobinsu. Kamfani ya girma, dusa ta koma buhu-buhu, al'ada tana nan, sai dai yanzu tsintsiyar manaja ta fi ta kowa faɗi. Ga layya ta matso, ga ragunansa ɗaure a gindin darbejiya bayan ofis, kowanne wuya kamar turmi.

Da aiki ya zo kan dusa, ƙawata ta yi wa Hajiya da manaja bayani cewa gida biyu manhajar ta tanada wa abin da ya rage bayan niƙa. Ko dai a ce kaya ne mai sauran amfani, ya shiga sito a kulle, a san inda kowane buhu ya nufa, ko a ce shara ce. Malam Tanko ya tambaya ko babu gida na uku, aka ce masa babu. Nan take ya ce a sa shara. Ya rantse dusar nan duk yashi ce da danshi, ko akuyar da ta kwana da yunwa ba za ta kalle ta ba.

Ƙawata ta ce ba laifi, amma ya sani in an ce shara, kwamfuta za ta riƙa tsara motar da za ta kwashe ta zuwa juji duk mako.

Malam Tanko ya gyara hula. "A'a, 'yata, kada a wahalar da kwamfuta. Ni nake kwashewa da kaina, saboda Allah. Ban taɓa faɗa ba ne don kada ladan ya ragu."

Daidai nan wani rago ya yi kuka a bayan taga, murya kamar ta bijimi. Hajiya ta ɗaga labule ta daɗe tana kallonsa. Ta tambaya ko wannan ma sharar yake ci. Manaja ya ce to, dabba ce, ba ta san abu mai kyau ba.

Hajiya ta saki labule.

"To Malam Tanko, in sharar nan ce ta yi wannan aiki, a sa mini buhu biyu a mota. Maigidana Alhaji ma ya rame."