Milutin da Turancin Yaran Zamani

"Turancin yaran zamani? A aljihuna yake!" in ji maƙwabcina Milutin, yana buga ƙirji a shagon kofi na unguwarmu a Kragujevac. "Ku zuba ido. Bana jikata da bakinta za ta roƙe ni ta yi dogon hutu a gidana."

Ka san Milutin? Au, ina za ka san shi. Tsohon mai duba tikiti ne a jirgin ƙasa, tumbi a gaba, gashin baki kamar tsintsiya. Bara aka yi abin, ko bara waccan, ƙwaƙwalwata ta fara yi mini rowa. Jikarsa Teodora, 'yar shekara sha biyar, haihuwar Ingila ce. Sau ɗaya take zuwa a shekara, ranar Slava, bikin waliyyin gidansu, kuma idonta ba ya barin waya. Abin yana cin ran tsohon. Sai gogan ya shafe wata uku yana kwafo kalmomi daga intanet cikin wani littafi.

Ranar biki mai gida ba ya zama muddin baƙi na kan tebur, don haka Sarkin Turanci ya samu filin shawagi.

"Teodora! Rigar nan taki, slay!" Wato ta yi kyau matuƙa.

Yarinya ta runtse ido kamar an taka mata yatsa.

"Kun gani?" Ya ƙyafta mana ido. "Daɗi ya kama ta."

Aka kawo kabeji naɗe da nama. Ya ɗanɗana, ya daka tsawa: "Bussin, no cap!" Wai daɗi ba ƙarya.

Matarsa Borka ta dangwarar da tukunya. "Kai tsoho, in zagina kake yi, zage ni da yaren da zan iya ramawa."

Ina nake? Yawwa, Fada, limamin cocinmu. Da ya shigo yanka burodin biki, kowa ya sumbaci hannunsa. Milutin kuwa ya miƙa masa dunƙule, ya ce, "Bro!" Wato ɗan'uwa. Fada ya dubi dunƙulen, ya dube ni, ya rasa abin yi, sai ya sa wa dunƙulen albarka.

"Wannan shi ake kira rizz," in ji Milutin. "Farin jini!"

Nan Teodora ta kife wayarta. "Kaka, don Allah ka tsaya haka." Da yarenmu ta faɗa, tsaf, ba gargada.

Cokula suka tsaya.

"Au, kina jin yarenmu?"

"Da shi Mama take yi mini faɗa kullum. Kai ne ba ka taɓa tambaya ba."

"To kalmomin fa? Na yi kuskure ne?"

"Ko ɗaya. Matsalar ke nan. A wurinmu, ranar da tsoho ya furta kalma, ta mutu. Ba mai sake taɓa ta. Tun safe ka kashe mini tara."

Gashin bakin ya yi laƙwas. Ya ce a hankali, "Hutun fa, 'yar nan?"

"Zan zo, in ka ba ni littafin."

Ya zaro shi daga aljihu, ya ba ta. Ta buɗa, ta buɗa, ta dafe kai. Sannan ta miƙa shi ƙetaren tebur.

"Fada, shafi arba'in ne. Ka haɗa su duka ka yi musu jana'iza ɗaya."